Taimshiya ta zame min ƙarfen ƙafa, ya ake rabuwa da ita?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na daɗe ina son kawo maganar nan kunya na hana ni, amma yau takardar kuɗin bana ta iso, na ga kunyar ba za ta biya min ko sisi ba.

A 2017 muka kai yara hutu Orlando, a jihar Fulorida ta Amurka. A otal ɗin da muka sauka wata mata ta tare mu, ta ce in muka ba su minti 90 muka saurari bayani za su ba mu tikitin wurin wasan yara kyauta. Minti 90 ɗin nan ya koma awa biyar. Na farko ya gama nasa ya kira manaja, manaja ya kira wani manajan, kowa ya zo da sabon ragi yana cewa na yau ne kaɗai. Yara sun gaji suna kuka, ni ma kaina ya ɗau zafi, na sa hannu. Taimshiya na saya, dala 21,000, mako ɗaya kowace shekara a ɗaki biyu da falo, wai har abada.

Bashin na gama biyansa bara da ƙyar. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya yanzu shi ne kuɗin kula da gini na shekara-shekara. Da dala 890 muka fara, bana sun rubuto 1,540. Sau biyu kacal muka taɓa zuwa. To jiya wani kamfani ya kira ni, ya ce in ba su dala 6,500 su fitar da ni, har da garanti. In biya ne? Maman Khalifa ta ce in na sake sa hannu a wata takarda ban yi shawara ba, ni da ita ne.

Maman Zahra:
Wa'alaikumus salam. Kada ka biya. Ka ajiye katinka tukuna mu yi magana. Maman Khalifa ta fi ka gaskiya.

Autan Zaure:
Ku yi min afuwa, mene ne taimshiya? Gida ne ya saya ko haya?

Maman Zahra:
Auta, tsakanin biyun take, kuma ta kwaso wahalar kowanne. Ɗaki ɗaya ne a wurin shaƙatawa ake raba shekararsa mako-mako a sayar wa mutum hamsin da wani abu, kowa da makonsa. Wasu ana ba su takardar mallaka ta gaske mai rajista kamar ta gida, wasu izinin amfani ne na wasu shekaru, yanzu kuma yawanci maki ake sayarwa, ka riƙa kashe makin kana kama ɗaki. Ko wanne ka saya, kuɗin kula da wurin yana kanka duk shekara, ka je ko ba ka je ba. Mai haya in ya gaji ya tattara kayansa. Mai gida in ya gaji ya sayar ya karɓi kuɗi. Mai taimshiya ba shi da ko ɗaya cikin biyun nan cikin sauƙi.

Baban Khalifa, taka wacce iri ce? Kuma wane mako?

Baban Khalifa:
Mai takardar mallaka ce, da sunana da na matata. Mako na 38.

Kawu Direba:
Mako na 38 ai Satumba ke nan. Yara sun koma makaranta, ga lokacin guguwar teku a Fulorida. Ɗana, wanda ya sayar maka da wannan makon ya iya sana'arsa.

Baban Khalifa:
Kawu, ce min aka yi zan riƙa musanya shi da kowane mako a ko'ina a duniya. Da na je musanyar sai na tarar sai na biya kuɗin shiga kamfanin musanya, in biya kuɗin kowace musanya, kuma makona ba shi da ƙarfin da zai samo min na lokacin hutun makaranta.

Ɗan Kasuwa:
Ni ban ga abin tayar da hankali ba. Kadara ce, ka saya 21,000. Ka sa ta kasuwa ko 12,000 ne ka karɓa ka rungumi asara. Ba ka ba wani 6,500 ba, kai za a ba kuɗi.

Akanta:
Yaya Ɗan Kasuwa, ka shiga shafin saye da sayarwa na eBay yanzu ka rubuta "timeshare" ka ga. Za ka tarar da masu sayarwa a dala ɗaya, wasu ma su ne za su biya kuɗin canjin suna, su haɗa maka da kuɗin kula na shekarar farko, don dai ka karɓa. Dalilin a fili yake. Babban kaso na 21,000 ɗin nan ba gini ya saya ba, kuɗin talla ne: kwamishon mutanen da suka tsare shi awa biyar, da tikitin da aka kira kyauta, da albashin matar da ta tare shi a otal. Ranar da ya sa hannu wannan kason ya tafi. Abin da ya rage a hannunsa alkawari ne na biyan kuɗi duk shekara, kuma ba wanda ke sayen alkawarin biyan kuɗi.

Akwai waɗanda suka fita zakka. Na Disney suna da kasuwa, domin kamfanin yana da haƙƙin ya riga kowa saye in mai shi zai sayar, wannan yana tare farashin. Wasu makonnin Marriott da Hilton a wurare masu farin jini, irin Hawayi lokacin sanyi, su ma ana samun mai saye. Amma mako na 38 a Orlando, inda wuraren nan suka yi yawa kamar me, ba ya cikin su.

Ɗan Kasuwa:
Dala ɗaya? Haba Akanta.

Akanta:
Je ka duba, ina nan.

Ɗan Kasuwa:
Na duba. Na janye maganata. Har na ga wanda ya ce zai ƙara wa mai karɓa katin sayayya.

Maman Zahra:
Bari in ba ku nawa, don na sha wannan ruwan. Tawa a Las Begas take, na saya 2014. Da na gaji na ba wani kamfanin "fitarwa" dala 4,200. Suka ce in daina magana da masu wurin, in daina biya, lauyoyinsu za su yi komai. Wata goma sha takwas ina kira ana cewa fayil ɗina yana matakin ƙarshe. Rannan na kira lambar ba ta shiga. A lokacin kuɗin kula na shekara biyu ya taru da tarar jinkiri, an miƙa ni ga masu karɓar bashi. Gudun gara na faɗa gidan zago.

Abin da ya fitar da ni daga baya kiran waya ne da na yi da kaina. Na kira masu wurin na ce a haɗa ni da sashen masu son mayar da mallakarsu. Suka ce sai na biya duk abin da ake bina, kuma ya zama ba bashin saye a kai. Na biya, na ƙara kuɗin takardu, na sa hannu gaban mai hatimi, bayan wata huɗu suka karɓi kayansu. Ban samu ko kwabo ba, amma tun ranar ba wanda ya sake aiko min takardar kuɗi. Abin takaicin, wannan ƙofar tana nan tun kafin in ba waɗancan 4,200.

Ɗan Paralegal:
Na Maman Zahra ba shi ne farau ba. Wani daga cikin manyan kamfanonin fitarwar nan, Timeshare Exit Team, babban lauyan jihar Washinton ya kai shi kotu a 2020, suka sasanta a 2021 kan dala miliyan 2.61, daga baya kamfanin ya rufe. Shi ma da garantin mayar da kuɗi yake talla. Garanti kuwa yana da amfani ne muddin kamfanin na raye. Hukumar kare masu saye ta tarayya, FTC, ta sha yin gargaɗi kan duk wanda ya nemi kuɗi tun kafin ya yi aikin.

Ni ba cikakken lauya ba ne, a ofishin lauya nake aiki, don haka ka ɗauki maganata a matsayin ta ɗan'uwa. Yawancin manyan kamfanonin yanzu suna da shirin karɓar kayansu. Wyndham na da shi, Marriott na da shi, Diamond ma ta yi kafin Hilton Grand Vacations ta saye ta a 2021. Ba sa yayata shi, kuma ba dole ba ne su karɓa. Amma kai kana da abin da suke nema: ka gama biyan bashi. In ba a bin ka kuɗin kula, ka cika sharaɗi na biyu.

Abu ɗaya, in ka kira kada ka yarda a haɗa ka da sashen sayarwa. Za su ce ka zo zaman "sabunta bayanan masu mallaka". Wannan zaman talla ne aka sake wa suna. Mutane kan shiga don su fita, su fito da ƙarin maki da sabon bashi.

Baban Khalifa:
Wallahi an gayyace ni wannan zaman har sau uku. Na ukun ma na kusa zuwa, don matar ta ce a nan ne ake duba matsalar masu son fita.

Kawu Direba:
Ku saurara, ni tsoho ne, ba na son doguwar hanya. Ka daina biya kawai. Me za su yi? Su ƙwace makonsu. Ai abin da kake roƙon su yi ke nan. Abokin aikina haka ya yi, suka yi ta aiko wasiƙu shekara biyu, suka gaji, suka ƙwace. Yana nan yana tuƙa motarsa lafiya lau.

Akanta:
Kawu, da girmanka, amma wannan shawarar ba ta kowa ba ce. Ƙwace irin wannan yana iya zama a tarihin bashin mutum shekara bakwai. Abokinka wataƙila ya riga ya mallaki gidansa da motarsa, ba ya neman komai a wurin banki. Baban Khalifa, kana da niyyar sayen gida?

Baban Khalifa:
Baɗi in Allah ya yarda. Shi muke tara wa.

Akanta:
To ka ji. In makin kiredit ɗinka, wato makin da banki ke dubawa kafin ya ba ka bashi, ya faɗi daidai lokacin da za ka nemi gida, abin da za ka yi asara ya ninka 1,540 sau da yawa. Ko gidan haya ma ana duba wannan tarihin kafin a ba ka makulli. Sannan ba kullum ake tsayawa a ƙwace ba, ƙungiyar masu wurin tana iya kai ka kotu kan kuɗin da ya taru. Ga wanda kuma har yanzu akwai bashin saye a kansa, in aka yafe masa ragowar, hukumar haraji ta Amurka tana iya lissafa abin da aka yafe a matsayin kuɗin shiga, a aiko masa takardar 1099-C. Ka ga an gudu ba a tsira ba.

Kawu Direba:
Na ji ta haraji. Amma ku gaya min, mutanen da suka tsare shi awa biyar suka yi masa ƙarya, su ne za mu ji wa tausayi? Suka ce kadara ce mai hauhawa, suka ce zai iya musanya. Wanda ya yaudare ka ba shi da bakin cewa ka karya alkawari.

Malama Hauwa'u:
Kawu, a nan ne zan saɓa maka. Kuɗin kula ba aljihun ɗan tallan yake shiga ba, shi ya karɓi kwamishonsa tun 2017 ya yi gaba. Kuɗin ƙungiyar masu mallaka ne, da shi ake biyan masu shara, da inshora, da harajin gini, da gyaran rufi. In mutum ɗari suka daina biya, giɓin a kan sauran ake raba shi. Su waye sauran? Irin su Baban Khalifa ne, da tsofaffin da suka saya shekara talatin da suka wuce suna rayuwa da fansho. Wani ɓangare na tashin da kuɗinsa ya yi daga 890 zuwa 1,540 wataƙila na waɗanda suka bi shawararka ne.

Kawu Direba:
To sai ya yi ta biya har ya mutu don kada wani tsoho ya ji ciwo? Malama, shi ya gina wurin?

Malama Hauwa'u:
Ban ce ya yi ta biya ba. Na ce ya fita ta ƙofa, tunda yana da halin biyan na bana. Wanda ya rasa aiki ko ciwo ya kwantar da shi, ya nemi su karɓa suka ƙi, wannan ba zan zarge shi ba in ya saki. Amma a fara da ƙin biya alhali ba a ko ƙwanƙwasa ba, ni dai bai kwanta min ba.

Ɗan Paralegal:
Maganar yaudarar da Kawu ya kawo tana da nauyi, sai dai tabbatar da ita ne aiki. Kusan duk takardun nan suna da sakin layin da ke cewa mai saye bai dogara da wata magana ta baki ba, kuma bai saya don riba ba. Baban Khalifa, in ka duba za ka ga ka sa haruffan sunanka a gefen wannan layin. Bayan shekaru haka, da lauya ma sai an yi da gaske. In kana da wani abu a rubuce, imel ko takardar talla da ta yi alkawarin hauhawa, ka kai ƙorafi ofishin babban lauyan jihar Fulorida. Kyauta ne, kuma wani lokacin kwafin ƙorafin kan sa kamfani ya saurare ka da kunnen da bai saurare ka da shi ba a da.

Baban Khalifa:
Na ɗauko fayil ɗin. Shafi na 14, ga haruffana nan raɗau. Ban ma tuna na gan shi ba.

Amarya Sabuwa:
Innalillahi. Jama'a ku taimake ni, ina karanta ku jikina na rawa. Mu ranar Asabar ɗin nan muka sa hannu, ni da maigidana, a Fulorida, muna hutun aure. Yau Alhamis. Mun makara?

Ɗan Paralegal:
Ba ku makara ba, amma ki ajiye komai ki yi wannan yau. Dokar Fulorida ta ba mai saye kwana 10 ya soke, ana lissafawa har da Asabar da Lahadi, kuma ba wanda zai iya sa ku yafe wannan haƙƙin. Ki buɗe kwantiragin ki nemo shafin sokewa, akwai adireshin da za a aika. Ku rubuta gajeriyar wasiƙa: sunayenku, lambar kwantiragi, ranar sa hannu, da cewa kun soke. Ba sai kun faɗi dalili ba. Duk wanda sunansa ke kan takardar ya sa hannu. Ku aika ta gidan waya da rajista, ku riƙe rasit da kwafi. Kada ku kira ɗan tallan, kada ku koma ofishinsu, domin aikinsu shi ne su ja ku da zance har kwanakin su ƙare.

Ga sauran masu karatu, kwanakin sun bambanta. Nebada kwana 5 ne, Kalifoniya 7, Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai 14, Meziko ranakun aiki 5.

Amarya Sabuwa:
Maigidan ya ce bari mu kira mutumin tukuna, wai yana da kirki, har lambarsa ta gida ya ba mu.

Maman Zahra:
Ƙanwata, nawa ma yana da kirki, har hoton jikokinsa ya nuna min. Ki miƙa wa angon wayar ya karanta abin da Baban Khalifa ya rubuta daga farko. Sannan ku tafi gidan waya kafin a rufe.

Baban Khalifa:
Ango, ni ne kai bayan shekara takwas. Ka tashi ka sa takalmi.

Hajiya Ta Landan:
Ina ta bin ku shiru. Namu na nan Turai ya ɗan bambanta, bari in faɗa ko zai amfani wani. Marigayi maigidana ya sayi tamu a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen a 2003, ita ma har abada aka rubuta. Ashe Sifen ta yi doka tun 1998 cewa irin wannan kwantiragin ba zai wuce shekara 50 ba, kamfanoni suka yi kunnen uwar shegu suka ci gaba da sayar da na har abada. A Janairun 2015 kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa irin waɗannan ba su da inganci, mutane da yawa daga Ingila suka shigar da ƙara suka ci. Ni ma na ci tawa, amma tsakanin cin shari'a da ganin kuɗi akwai tafiya, sai da na shekara uku ina jira. An kuma sake taɓa dokar a 2025, don haka mai irin wannan ya nemi lauya mai rajista a Sifen ɗin kanta ya duba masa, ba waɗanda ke kiran waya daga wani wuri suna cewa sun ga sunanka a jerin waɗanda za a biya diyya ba.

Baban Khalifa:
Allah ya jiƙan Alhaji. Hajiya, maganarki ta taɓo abin da ya fi hana ni barci. In na mutu abin nan kan su Khalifa zai koma? Ɗan tallan har cewa ya yi gado ne zan bar musu.

Ɗan Paralegal:
Amin. Masu kamfanonin fitarwa da wannan tsoron suke cin abinci. A Amurka ba a tilasta wa magaji karɓar gado. Yana iya rubuta takardar ƙin karɓa, ƙa'idar tarayya wata tara ce daga rasuwar, da sharaɗin bai riga ya amfana da abin ba. Wato kada ya je ya kwana a ɗakin sannan ya ce ba ya so. Kuɗin da ake bin mamaci daga dukiyar da ya bari ake nema, ba daga aljihun 'ya'ya ba. Inda matsala take shi ne in an sa sunan yaro a takardar mallakar tun da rai, wannan ya zama mai shi, ba magaji ba. Wasu 'yan tallan kan ba da shawarar a sa sunan yara wai don sauƙin kama ɗaki. Kada ka yi. Matarka kuwa sunanta na kai, don haka nauyin yana kanta kamar yadda yake kanka.

Ɗan Kasuwa:
To ni wata dabara ta zo min. Tunda kyauta ake bayarwa, ka nemi wani sabon zuwa da ke son kai iyalinsa Disney, ka ce ka ba shi kyauta. Zai yi ta godiya.

Malama Hauwa'u:
Subhanallah. Yaya, wato ya cire ƙayar daga ƙafarsa ya dasa a ta ɗan'uwansa?

Ɗan Kasuwa:
Wasa nake yi, Malama. Rabi dai.

Akanta:
Bayar da ita ba laifi ba ne in an faɗi gaskiya. Akwai dandalin masu taimshiya irin TUG da RedWeek inda waɗanda suka san abin sarai suke karɓa, mutanen da suke zuwa duk shekara kuma sun yi lissafinsu. Ka rubuta mako, ka rubuta kuɗin kula na shekara biyar da suka wuce, wanda ya karɓa ya karɓa ido buɗe. Sai dai a bi ta kamfanin canjin suna mai lasisi, a yi rajistar sabuwar takarda a ƙaramar hukumar da ginin yake, sannan ka samu wasiƙa daga masu wurin cewa sun cire sunanka. In ba ka ga wannan wasiƙar ba, ba ka fita ba. Akwai masu karɓar kuɗinka su juya mallakar zuwa wani kamfanin bogi da ba shi da komai, masu wurin su ƙi amincewa da canjin, takardar kuɗi ta dawo gidanka.

Kafin nan kana iya ba da hayar makon bana ka rage zafi. Da wuya ya rufe 1,540 a Satumba, amma ko rabi ne ya fi ɗaki ya kwana ba kowa.

Kawu Direba:
Ni dai har yanzu ina ganin kuna wahalar da yaron nan. Amma tunda gida zai saya, na sauka daga kan bakata. Na bana kaɗai fa. In suka ƙi karɓa, maganata na nan.

Maman Zahra:
Wani abu kuma, Baban Khalifa. Tunda lambarka ta shiga hannun masu kiran nan, ka shirya wa kira na biyu. Wani zai ce yana da mai saye a hannu, attajiri daga Meziko, zai biya fiye da abin da ka saya, kawai ka tura kuɗin haraji ko na buɗe asusu. Ni sau biyu aka yi min.

Ɗan Paralegal:
Wannan ba ƙananan 'yan damfara ba ne. A 2023 ma'aikatar kuɗin Amurka ta sa takunkumi kan mutane da kamfanoni a yankin Puerto Vallarta na Meziko da ta ce suna yi wa ƙungiyar masu safarar ƙwaya ta Jalisco wannan aikin, kuma tsofaffi suka fi hari. In an cuci mutum sau ɗaya, sai wani ya sake kira a matsayin lauya ko jami'in gwamnati da zai ƙwato masa kuɗin, shi ma da nasa kuɗin gaba.

Amarya Sabuwa:
Mun aika! Ga rasit a hannuna. Ɗan tallan yana ta kiran wayar maigidan, ba mu ɗauka ba. Ya turo saƙo wai zai rage mana dala 5,000 ya ƙara mana mako kyauta.

Hajiya Ta Landan:
Madalla 'yata. Ki ɗauki hoton rasit ɗin ki ajiye a wuri biyu. Ku sa ido kan katin da kuka biya kafin alƙalami da shi har kuɗin ya dawo.

Baban Khalifa:
Jama'a na dawo da labari, yau kwana 19. Na kira su kamar yadda Maman Zahra ta ce. Sau biyu aka tura ni sashen sayarwa, na kashe na sake kira. Na uku na samu wata mata da ta san zancen. Ta ce suna karɓa, amma sai na biya 1,540 na bana, da dala 1,000 na takardu, kuma makon bana ya tafi ke nan, ba zan yi amfani da shi ko in ba da haya ba. Na ce ta aiko a rubuce, ta aiko. Kwamitinsu zai duba, amsa cikin kwana 60 zuwa 90, kuma ta nanata cewa ba tabbas.

Na kai wa lauyan gidaje ya karanta, awa ɗaya na biya shi. Ya ce takardar ba ta da tarko, ya dai sa na nemi su ƙara layin da ke cewa ba sa bina komai bayan canjin. Sun ƙara. Mun sa hannu ni da Maman Khalifa jiya, wannan karon ita ta fara karantawa, shafi-shafi, har mai hatimin ya fara duba agogo.

Masu 6,500 sun sake kira, yanzu wai 3,900 ne saboda ragin ƙarshen wata.

Kawu Direba:
Dala 2,540 don ka mayar musu da abin da ka saya 21,000, su sake sayar wa wani. Allah ya isa dai. In kwana 90 ya cika ba su amsa ba ka neme ni.

Autan Zaure:
Yaya, tikitin da aka ba ku kyautar fa, kun shiga wurin wasan kuwa?

Baban Khalifa:
Mun isa ƙarfe huɗu na yamma, Auta. Yara sun yi barci a mota.